Birkin da Ya Ƙi Saki a Ƙofar Masallaci

Ranar da har yau ba ta fita a raina ba ita ce Juma'ar da motar Alhaji Dikko ta ƙi motsi a ƙofar masallaci. Birkin baya ya kama, ya ƙi saki. Motoci suka cunkushe a bayanta, kowa na danna hon. A nan gaban jama'a Alhaji ya karɓe makulli daga hannun direbansa Ishaya, ya ce aikinsa ya tsaya sai an gano abin da yake yi wa motar. Ni aka kira. Farkon damina ne, shekarar da ta wuce waccan.

Sunana Modu. Rewaya ne ni, wato mai gyaran wutar mota, a wani gareji a Nukkai. Ubana Babarbare ne, fataucin busasshen kifi ya kawo shi ƙasar nan, ya mutu ya bar ni a tasha. Ban yi boko ba. Na yi yaron mota, na kwana a ƙarƙashin tirela, fankar inji ta ci mini yatsu biyu. Da sauran nake aiki. Ku da kuka zo koyo kwanan nan ku saurara, ba na maimaita magana.

A garejinmu kowa da layinsa. Mai gareji ke karɓar aiki ya raba. Akwai makanikai na inji da na ƙafa, akwai mai walda, akwai mai fenti, ni kuma ina kan wuta. Sai Bitrus, wanda ya yi makarantar koyon sana'a. Shi ke da kwamfutar da ake jona wa mota ta faɗi inda ke mata ciwo. Ban iya karanta abin da take rubutawa ba. Shi ya karanta, ni in shiga ƙarƙashi. Haka muke yi, ba mu taɓa faɗa a kai ba.

Ga wanda bai san irin birkin nan ba: motocin da muka taso da su, birkin hannu sanda ce kusa da direba, ka ja ta sama, igiyar ƙarfe ta matse tayoyin baya. In ta tsinke, da idonka za ka gani. Na yanzu babu sanda. Maɓalli ne kamar na rediyo. In ka taɓa shi, saƙo ya tafi wani ɗan akwati, akwatin ya tura wuta zuwa ƙananan injuna biyu, ɗaya a bayan kowace tayar baya, su ne ke matsewa su saki. In wani abu ya sami hanyar nan, fitila mai ruwan ɗorawa za ta kama a gaban direba. Wani lokaci iyakarta ke nan, mota na tafiya. Wani lokaci kuma birkin ya kama, wutar da za ta ce masa ya saki ba ta iso ba. To nan ko ka taka mai har ƙasa, sai dai ka ja taya.

Da na sauka daga keke na tarar da taro. Motar jif ce doguwa, baƙa. Alhaji na tsaye cikin babbar riga, ran nan da safe ya dawo daga Abuja, ko gida bai daɗe ba. Bafulatani ne ɗan kwangila, mutum mai saurin fushi, amma ba mugu ba. Ishaya na gefe riƙe da hularsa a hannu. Bamumuye ne, Kirista, ya kusa sa'ata. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Ya daɗe yana tuƙa Alhaji, tun Alhaji na da ƙaramar mota ɗaya. In ana salla yakan zauna a mota ya jira.

Wani daga cikin waɗanda aka tare ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, ko a ɗauko shanu biyu daga gida su ja ta?"

Aka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Na sa duwatsu gaba da bayan tayoyin gaba. Wannan kada wanda ya manta da shi, don in birki ya saki kana ƙarƙashi, motar ba ta san ka ba. Na ce a taɓa maɓallin, na kasa kunne. Injin dama ya yi ƙara ya saki. Na hagu shiru. Na kwanta, na zare soket ɗinsa, na jawo waya biyu daga batir ɗin da na zo da shi na ba injin wuta kai tsaye. Ya ƙara matsewa. Na juya wayoyin, ya koma baya, taya ta saki. Ke nan injin lafiyarsa lau, hanyar wuta ce ta yanke. Na bar soket ɗin a cire don kada ya sake kamawa.

Alhaji ya miƙo mini makulli. Ya ce, "Kai za ka kai ta gareji. Wannan ba zai sake taɓa sitiyarina ba sai ka faɗa mini gaskiya. In ina gari, mota lafiya. Duk tafiyar da na yi, in na dawo fitilar nan na kunne. Wa ke riƙe da makulli in ba na nan? An ce mini ƙauyensu yake zuwa da ita ɗauko doya. Ka duba ƙasanta da kyau, Modu. Abin da ka gani shi zan yi aiki da shi."

Ishaya ya ce, "Alhaji, ban yi ba."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Lissafin Alhaji ba na wawa ba ne. Motar ta zo mana kafin wannan, kuma duk bayan tafiya ne. Zuwan farko batir muka tarar ya yi sanyi. Irin birkin nan ba ya son batir mai rauni, daga nan ake fara dubawa kullum. Aka canja, fitila ta mutu. Zuwa na biyu muka duba fis, lafiya. Man birki, lafiya. Na buɗe maɓallin na tarar zoɓo ya zube a ciki ya bushe, ya yi danƙo. Na wanke, Bitrus ya goge laifin da kwamfuta, fitila ta mutu. Duka biyun ciwo ne na gaske, sai dai ba su ne babban ciwon ba.

Asabar da safe muka ɗaga ta, muka cire tayar hagu ta baya. Bitrus ya jona kwamfuta ya ce, "Baba Modu, ta ce wutar injin hagu tana zuwa tana ɗaukewa."

Na ce, "Ta faɗi a ina?"

Ya ce, "Ta faɗi layi. Sauran naka ne."

Wayar tana fitowa daga jikin mota ta bi kan wani ƙarfe mai kauri da ke riƙe da taya, sannan ta shiga injin. Na mayar da soket, na ce wa Bitrus ya zuba wa kwamfuta ido. Na riƙa bin wayar da hannu ina lanƙwasa ta kaɗan kaɗan. Da na iso tsakiyar ƙarfen nan Bitrus ya ce, "Tsaya. Ta ɗauke. Sake. Ta dawo." Na feɗe robar wurin. Tagullar da ke ciki ta tsittsinke, saura 'yan silili da ke taɓa juna in sun ga dama.

Da a nan na tsaya, da na haɗa waya na ce an gama. Amma maganar mutum ce a hannuna, ba ta waya kaɗai ba. Sai na sa tocila na duba ƙarfen.

Ɓarnar hanya tana da kama. Dutse daga ƙasa yake duka, daga gaba, ya bar karce a tsaye. Motar da ke shiga gona za ka sami jan laka maƙale a lunguna, da ciyawa a lagireto, duk wankin da aka yi mata. Wannan ƙasanta fes. Abin da na gani zobe ne. Fenti ya goge ya zagaye ƙarfen gaba ɗaya, har ta sama inda dutse ba ya kaiwa, faɗinsa kamar yatsa, yana sheƙi. A bakin abin da ke riƙe wayar, wanda ya karye, na zaro zaren igiyar roba shuɗiya. Da gashi, fari da ja. Na kai hanci. Duk wanda ya taɓa kwana a tashar dabbobi ya san warin.

Ishaya ya zo tun da sassafe ba wanda ya kira shi, yana zaune a benci bayan rumfa. Na je na zauna kusa da shi, na buɗe masa tafin hannuna.

"Akuyar wa ce?"

Ya kalli zaren ya kawar da kai. "Wane akuya?"

"Ishaya, ni da kai mun wuce wannan."

Ya sake kallon zaren. Sannan ya ba ni labari.

Mahaifiyar Alhaji, wadda kowa ke kira Dada, a ruga ta yi rayuwarta. Da ƙafafunta suka yi nauyi Alhaji ya ɗauko ta ya kawo gidansa a Sintali. Shanu aka bar wa ƙannensa. Ita da akuya ɗaya ta zo. Gidan kuwa Alhaji ya shimfiɗe shi da bulon intalok daga ƙofa har bango, ba itace, ba ginshiƙi, ba inda za a kafa turke. Akuyar ta taɓa hawa kan motar wani baƙo ta karce ta, sai ya ce a tsare ta a wani lungu bayan kicin, in ya sake ganin ta a tsakar gida ruga za ta koma. Lungun kuwa da damina ruwa ke kwanciya. To in ya yi tafiya, Dada sai ta fito da ita ta sha iska, ta ɗaure ta a ƙarƙashin jif, don tana da tsayi, ga inuwa, ga kariyar ruwa. Ƙarfen nan ne hannunta ke kaiwa. Igiya ta haɗa da waya. Akuya ta yini tana ja. Kafin Alhaji ya dawo Ishaya ya share kashin, ya wanke wurin.

Na ce, "Ka san ita ke kashe birkin?"

Ya ce, "Na yi zato. Ban tabbata ba."

"Me ya hana ka faɗa jiya?"

"In na faɗa za a kai akuyan ruga. Tsohuwan nan da wa zai yi hira? Yara suna makaranta, Hajiya yana kallon waya. Da akuya yake magana. Lokacin da matana ya kwanta ciwo, Dada ne ya riƙa aiko da kunu har ya tashi."

"Kana da 'ya'ya a makaranta."

"Na sani."

"A shekarunka ba wanda zai ɗauke ka tuƙi. Kowa yaro yake nema."

"Na sani, Modu. Ka ce masa ɓera ne."

Na ce, "Ba na yi wa mota ƙarya. In na ce ɓera ne, tafiya mai zuwa waya ta sake tsinkewa, wata ƙila a kan gangara da mutane a ciki. Kuma ɓera ba ya jiran Alhaji ya yi tafiya. Ba zai yarda ba. Ita ka gaya wa mana."

Ya dube ni kamar na zare. "Ni? In ce wa uwar maigida kada ya yi abu a gidan ɗanta?"

"Shi Alhajin fa, ba ya zama da ita?"

Ya ce Alhaji ɗan fari ne. A wurin Fulani kun san yadda abin yake. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama su yi hira. Shi ma in ya gaishe ta daga nesa yake, kansa a ƙasa, ya wuce. Ko maganar lungun bayan kicin ta bakin matarsa ya aika. Mutum uku a gida ɗaya, kowa na jin nauyin wani, ba mai iya buɗe baki. Sai waya ce ke shan wahala, da aikin Ishaya.

Nan na ga abin da nake da shi wanda su ba su da shi. Ba ilimi ba ne. Ni Babarbare ne. Tsakaninmu da Fulani wasa ne tun kakanni. Abin da Bafulatani zai kore ka daga gidansa in ka faɗa, ni in na faɗa sai dai ya rama da wanda ya fi shi. Ko sarkinsu ne.

Na fara gama aikina. Na yanke inda ya lalace, na sa sabuwar waya mai kaurin ta da, na haɗa da dalma. Ba a murɗa wayar birki da hannu a naɗe da tef, duk wanda na kama yana yi zai bar rumfata. Na rufe, na zura ta cikin tiyon roba, na ɗaure ta a inda take. Bitrus ya sa kwamfuta ta koya wa birkin iyakar matsewa da saki, ya goge laifin. Muka kai ta gangara muka gwada, ta tsaya cak, ta saki lafiya. Na ɗauki guntun wayar na sa a aljihu. Na kuma jefa wani tsohon shaf na tirela, dogon ƙarfe mai kauri, da guduma a bayan motar.

Na kira Alhaji. Na ce, "An gyara. Ba hanya ce ta ɓata ta ba. Sauran maganar sai na ga inda take kwana."

Ya ce, "Faɗa mini yanzu."

Na ce, "Ba ta waya ba ce."

Bayan la'asar na tuƙa ta zuwa Sintali, Ishaya na gefena kamar wanda za a kai kotu. Alhaji na zaune a kujera a tsakar gida. Gidan yadda aka faɗa mini yake, ko ciyawa ɗaya babu.

Ya ce, "To, ga inda take kwana. Me ka gani?"

Na ce, "Tukuna. Zan shiga in gaida Dada."

Ya haɗa gira. "Me ya haɗa birki da gaisuwa?"

"Babarbare ya shigo gidan Fulani, ai sai ya duba lafiyar bayinsa."

Bai so ba, amma sai da ya murmusa. Ya ce, "Ji bawa da baki. Shiga, kada ka daɗe."

Na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, 'yar siririya, sandarta a gefe. Daga lungu akuya na kuka. Na yi sallama na durƙusa na faɗi sunana. Da ta ji Modu sai ta ɗago. Fulani Kolejo suke ce wa Babarbare.

Ta ce, "Wa ya bar Kolejo ya shigo? A ɗauke ƙwaryar nono."

Na ce, "Dada, nonon gidan nan na gwangwani ne, ba na sha. Na zo ganin makanikin da kika ɗauka. Mai ƙafa huɗu. Ni in gyara, shi ya kwance."

Ta ce, "Haukan naku na gado ya motsa."

Na ajiye zaren igiyar da gashin da guntun wayar a kan tabarma. Ta ɗauki zaren ta kai kusa da ido, ta murza.

"Igiyata ce. To sai me? Ƙarfe ne, ba ya jin ciwo."

"Ƙarfen ba ya ji. Amma jijiyar ƙafar motar a kansa take. Kamar ki ɗaure saniya a agara, a yini ana ja, yau da gobe."

Wannan ta gane shi nan take. Ta ce, "Ta gurgunce?"

"Jiya ta gurgunce a ƙofar masallaci. Na ɗora ta, ta tashi."

"To madalla. Je ka a biya ka, ka sayi kifi."

Na ce, "Saura abu ɗaya. An karɓe makullin Ishaya. Mai gidan ya ɗauka shi ke satar motar yana kai ta ƙauye."

Ba wanda ya gaya mata. Na gani a fuskarta. Ta ajiye zaren a hankali.

"Ya san Wule ce?" Sunan akuyar ke nan.

"Ya sani."

"Bai faɗa ba?"

"Ya ce in ce ɓera ne."

Ta juya kai wajen lungun da akuyar ke kuka. Ban ce mata ta yi komai ba. Ba hurumina ba ne, wasa ma yana da iyaka. Can ta ce, "Kwanto mini ita." Na kwanto akuyar. Ta kama igiya da hannu ɗaya, ta miƙo mini ɗayan. "Ɗaga ni, Kolejo. A hankali. Na san adadin awarwarona."

Muka fito tsakar gida, ni da ita da akuya. Alhaji na ganin mu ya miƙe tsaye, ya sunkuyar da kai. Ishaya ya matsa jikin bango. Ta tsaya ta ba ɗanta gefe, fuskarta a wajena, kamar ba kowa a wurin sai ni.

Ta ce, "Gaya wa mai gidan nan ni ce na ɗaure akuya a ƙarƙashin motarsa. Duk tafiyar da ya yi."

Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba. Amma haka ake yi, sai na juya na ce, "Alhaji, ta ce ita ce."

Ya ce, "Na ji."

"Gaya masa ya zuba dutse a gida har ba inda mutum zai kafa turke. Gaya masa inda aka ajiye ta ruwa ke kwana, kofatonta sun fara ruɓewa."

Na faɗa. Ya ce ya ji.

"Gaya masa na san abin da ya ce. In ruga za ta koma, to ya sa mota ta kai mu tare. Amma Ishaya ne zai tuƙa. Ba na shiga motar da Babarbare ke ja."

Wannan ban maimaita ba. Ba wanda ya nemi in maimaita.

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙasa. Mutumin da jiya muryarsa ta cika ƙofar masallaci, yanzu da ƙyar nake jin sa. Ya ce, "Modu, tambaye ta me take so a yi."

Ta ce, "Gaya masa ni ba na son komai."

Na san in aka bar su haka za a kai magariba. Na ce, "Alhaji, ba ni kusurwar can kusa da ɗakinta."

"Ka yi me da ita?"

"In cire intalok kaɗan."

"Ka san daga inda na ɗauko masu aikin nan?"

"Ƙasar tana nan a ƙarƙashi, ba ta je ko'ina ba."

Ya ɗaga hannu, wato in yi. Na sa liba na ɓamɓare bulo ɗin, faɗin da akuya za ta kwanta ta juya. Ishaya ya riƙe shaf ɗin, na doka shi da guduma har ya shige rabi. Ko bijimi aka ɗaure a nan ba zai tumɓuke shi ba. Na ce ranar Litinin mai waldarmu zai kawo tsohon bonet, murfin injin mota, ya kafa masa ƙafafu ya zama rumfa. Dada ta ɗaure akuyar da kanta, ta ja igiyar ta gwada. Akuyar ta shinshina ƙasa ta fara tono da ƙafa.

Ta ce, "Useko, na gode, Kolejo. Ashe kuna da amfani."

Na ce, "Kullum muna gaya muku."

Ta koma ciki ba ta kalli kowa ba.

Alhaji ya karɓi makulli a hannuna. Ya tsaya yana juya shi. Ya ce, "Ishaya, ka tsaya kana kallona ina ci maka mutunci a gaban mutane, ka yi shiru."

Ishaya ya ce, "Ka gaji ne ranan, Alhaji."

"Ba gajiya ba ce." Ya miƙa masa makullin da hannu biyu. "Litinin za mu Yola. Ka zo da wuri. Yanzu ka mai da wannan Babarbaren inda ka ɗauko shi kafin ya cire mini sauran gidan."

Muka kama hanya, Ishaya na tuƙi, har muka kusa Nukkai. Ya ce, "Da ya ƙi fitowa fa?" Dada yake nufi.

Na ce, "Da na faɗa wa Alhaji da bakina."

"Ko na roƙe ka?"

"Ko ka roƙe ni."

Ya ce, "Kai mugun mutum ne, Modu." Ya tsaya a bakin hanya ya saya mana gasasshiyar masara.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki ba shi da yawa. In fitilar birkin nan ta kama, ku bi ta a jere: batir, fis, maɓalli, sannan waya, sannan inji. Kada ku fara da sayen sabon inji, galibi ba shi ba ne. Kada ku tura birkin baya da ƙarfi kamar na tsofaffin motoci, sai kwamfuta ta buɗe shi, in ba haka ba kun karya abin da ke ciki. Kwamfuta za ta faɗa muku layi, kuma gaskiya take faɗa. Hannu zai kai ku inda ya yanke. Amma abin da ya yanke shi ba a gareji yake ba. Mota ta fi daɗewa a tsaye a gida fiye da a kan hanya. Ku tambayi inda take kwana, da waɗanda ke zagaya ta.

Sannan in mai mota ya ce ku duba ku gaya masa abin da direbansa ya yi, ku sani abincin wani aka sa muku a hannu. Direba shi ne na kusa, shi ake fara kamawa. Wani yana shiru don ya yi. Wani yana shiru don yana kare wanda ya fi shi rauni. Daga fuska ba za ku bambance ba. Ku duba ƙarfe da kyau kafin ku buɗe baki, in kun buɗe kuma kada ku yi ƙarya.

Ishaya yana nan yana tuƙa Alhaji. Fitilar ba ta sake kamawa ba. Akuyar ta haihu, na ji an ƙara cire intalok.

Ni ina nan Nukkai, rumfa ta ƙarshe kusa da mai walda. Bayana ba ya son kwanciya a ƙasa kamar da, na sayi katifar soso ina shimfiɗawa. Ina ci, ina barci, ba na bin kowa da magana. In mota ta zo ina shiga ƙarƙashinta.